Yadda zaka maida tsohon babur ɗin Japan kafe resa ba tare da ka lalata shi ba

Wanda duk ya ga hoton kafe resa, wato babur da aka rage wa nauyi aka ba shi siffar na tsere, abu na farko da yake zuwa masa shine ya ɗauko injin yanka ya datse bayan firam. Don Allah ɗan'uwa ka dakata, yanka yana cikin ayyukan ƙarshe. Asalin wannan salo daga Ingila ya fito wajen shekarun 1950 zuwa 1960, samarin da suke taruwa a irinsu Ace Cafe na Landan suna cire duk wani nauyi daga babur ɗinsu don su kai gudun mil 100 a awa, kusan kilomita 160 kenan. To ka ga tun farko maganar gudu ce da sarrafawa, kyan gani daga baya ya biyo.

Ka fara da zaɓen babur. Honda CB750 da ta fito a 1969 ita ce kowa ke mafarki, silinda huɗu, amma tana da nauyi kuma kafireta huɗu zaka yi fama dasu. Ni dai ga mai farawa na fi son CB350 ko Yamaha XS650 masu silinda biyu, ko SR500 mai silinda ɗaya, saboda kayan gyaransu har yanzu ana samu kuma injin baya da wuyar fahimta. Idan kuma ka dace da wanda komai nasa na kamfani yana nan lafiya lau, gaskiya ka barshi haka, ka nemi wanda dama ya sha jiki. Kafin ka biya ka duba lambar firam ta dace da takardu, ka leƙa cikin tanki da tocila ka ga tsatsa, sannan ka auna kwamfireshan, wato ƙarfin matsin iska a cikin silinda, ƙasa da 120 psi akwai aiki a ciki, kuma bambanci tsakanin silinda kar ya wuce kashi 10 cikin ɗari.

Da ka kawo shi gida kar ka kwance komai tukuna. Ka tada shi yadda yake. Canza baƙin mai da fulogi, wanke kafireta ramin ta rami, saita bawul injin yana sanyi yadda littafin babur ɗin ya faɗa, ka duba foyint, wato ƙarfen da yake buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta, idan mai foyint ne, a tsofaffin CB tazarar tana tsakanin 0.3 zuwa 0.4 mm. Ka sa mita a batir kana ba injin wuta, ya kamata ka ga volt 13.5 zuwa 14.5, idan ba haka ba caji baya tafiya. Dalilin wannan duka shine idan ka wargaza babur ɗin da bai taɓa tashi a hannunka ba, ranar da ka haɗa ya ƙi tashi bazaka san ko matsalar da ka tarar ce ko wacce ka jawo ba, kuma nan ne yawancin irin wannan aiki yake mutuwa a cikin kwali. Af, ka sayi sukundireba ta JIS, kusoshin Japan na wancan lokacin sun yi kama da Phillips amma ba iri ɗaya bane, ta Phillips cinye kansu take yi.

Sai birki da ƙafafu, wanda mutane suke tsallakewa saboda baya fitowa a hoto. Sabuwar taya ko da zanen tsohuwar bai cinye ba, a tayar da aka ƙera daga shekarar 2000 lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta suna nuna sati da shekarar da aka ƙerata. Sabon tiyon birki da man birki, roba da man shokazoba na gaba, boris na wuyan kai, bushin na hannun baya, sarƙa da sifiraket. Madigadin gaba kuwa kar ka jefar gaba ɗaya, ƙarfensa yana riƙe ƙafafun gaba kar su murɗe, rage shi kawai zaka yi.

Yanzu kuma wajen da ake jin daɗi. Sirrin kyan kafe resa layi ɗaya ne miƙaƙƙe daga ƙasan tanki zuwa ƙarshen sit, tudun bayan sit ya ɗauko siffar tanki kuma kar ya zarce tsakiyar tayar baya sosai. Ka yanka kwali ka gwada, ka ja baya ka kalla, ka ɗauki hoto daga gefe, ka sake gyarawa har sai ya zauna maka a ido. Hannuwa masu maƙalewa a ƙafafun gaba suna sa ka kwanta kan tanki, don haka dole ka maida matakan ƙafa baya, in ba haka ba zaka naɗe kamar tabarma bayanka ya gaya maka. Ka juya kan har ƙarshe dama da hagu ka tabbata baya bugun tanki ko matse maka yatsa, wayar totur ma bata ja.

Maganar cire akwatin iska a sa ƙananan filta, yana da kyau wallahi amma iska zata ƙaru, dole ka ƙara girman jet, wato ramin da mai yake bi a cikin kafireta, musamman idan ka canza salansa. Kafireta mai roba a sama wacce ake kira CV ita tafi ba da wahala da wannan. Ka riƙa karanta fulogi, fari fat mai yayi kaɗan kuma zai iya ƙona fistin, baƙi yayi yawa, ruwan ƙasa mai haske ake nema.

Sai duk wannan ya zauna sannan ka yanke firam, bayan mazaunin shokazoba, kuma gwanin walda ya sa lanƙwasasshen ƙarfe ya haɗe ɓangarorin biyu. Ka cire sifirin ɗin shokazoba ka ɗaga taya har ƙarshen tafiyarta ka ga bata taɓa ƙasan sit ko batir ba. Wayoyi ka sa musu alama kafin ka cire, fiyus ya zama sabo, fitilar birki da sigina da madubi su tsaya yadda dokar ƙasarka ta ce. Ka haɗa komai ba fenti ka hau na wasu satuttuka, abinda zai motsa ya motsa, wanda za'a sake walda a yi, bayan nan ka kwance ka kai fenti.