Ga ƙannena masu shirin tafiya Ingila: maganar ciki

Da kakar bana na zo gida, ƙauyenmu da ke yankin Gumel, na tarar ana ta sussukar gero. Yara biyu daga gidanmu na shirin tafiya karatu Ingila. Muka zauna kan tabarma bayan la'asar, ƙwaryar fura a tsakiya, suna ta tambayata biza da kayan sanyi. Ni kuwa maganar ciki na ɗauko musu, don ita ta fi ba ni wuya a shekarata ta farko a Ingila.

Ƙannena, a nan kun saba ku tashi da ɗumamen tuwon dawa malmala biyu, ku saɓa fartanya, kafin azahar ba ku san inda ya shiga ba. Tuwo, fura, shinkafar Haɗeja, rogo, duk dangin sitaci ne. Jiki kan narkar da su su zama suga a jini, ya ƙona abin da yake bukata nan take, ya ɓoye kaɗan a hanta da tsoka. To, wannan rumbun ƙarami ne. Da zarar ya cika, ragowar kitse take komawa. A can babu gona, babu jan guga a rijiya, daga ɗaki sai bas, daga bas sai kujera. Ni haka na ci gaba da cika faranti kamar mai zuwa gayya, kafin babbar sallah wandona ya ƙi shiga.

Maiƙo ya fi yaudara. Giram ɗaya na sitaci ko suga kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 4 yake bayarwa, na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai kalori 120. Ku tuna yadda Inna ke ɗiga man shanu a miyar kuka, ɗan tsirit, gida guda a ci. A can soyayyar kaza da dankali ko'ina ka juya suna nan, ga araha, kuma idan ka dawo a gajiye cikin sanyi su ne za su fara kiranka. Ban ce ku guji mai ba, domin bitamin A da D ba sa shiga jiki sosai sai da maiƙo, kuma yana riƙe ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ce kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Man gyaɗa, man zaitun, riɗi da kifi sun fi kitsen nama alheri.

Ku koyi duba jikin leda kafin ku biya. Kayan abinci da yawa a Ingila na ɗauke da alamar ja, ruwan ɗorawa da kore, kamar danjar titi. Ja a wurin mai ko suga na nufin ya yi yawa. Gwangwanin Coca-Cola ɗaya giram 35 na suga ne a ciki, alhali a shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya kusan giram 50 ne iyakar babban mutum a yini.

Abin da na so a ce an gaya mini tun da wuri shi ne, geronmu na nan a shagunan Indiyawa. Ku tambayi garin bajra, shi ne gero, jowar kuma dawa. Hatsin da ba a cire masa dusa ba ya fi farin burodi jimawa a ciki, ba ya saurin ɗaga suga. Ku rage malmala ɗaya, ku ƙara wake da ganye.

Kilishi da man shanun da Inna za ta ƙulla muku kuwa, ku ba ta haƙuri ku cinye a gida. Dokar Ingila ta hana shiga da nama da kayan madara daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe.