In likita ya ce baba na da kansar huhu, ga abin yi

Da farko dai kar ka rushe da kuka gabansa, fita waje kayi abinka ka wanke fuska ka dawo, tsofaffin nan fuskarka suke karantawa wallahi.

Na biyu, nemi jaka ɗaya ka tara duk takardu, hoton ƙirji, sikana, ordonans (takardar magani), ka ɗauke su a waya kuma. Ran ganin likita ka raka shi da littafi, ka tambayi wane iri ne, wane mataki ya kai, don magani ya danganta da wannan. In an tura ku Yaounde ko Douala don kimiyo (magani mai ƙarfi na kashe kansa) ko gashi (ƙona kansar da hasken na'ura), daga Garoua ana iya bin mota zuwa Ngaoundere sannan jirgin ƙasa na dare, kama masa wurin kwanciya ko da tsada, zaman kujera wahala ne.

A gida a nisanta shi da sigari da hayakin itace, abinci kaɗan-kaɗan, kunu, romo. Kuma don Allah kar a ware masa kwano, kansa ba tarin tibi ba ce, ba a ɗauka. Masu kawo jiƙe-jiƙe a ce an gode, a tambayi likita tukuna.

Tari da jini, numfashi na sarƙewa ko zazzaɓi bayan kimiyo, asibiti nan take ko tsakar dare ne.