Kurakuran da matafiya ke yi a gidajen abincin da ake rububin kujerunsu

A bakin teku kusa da garin Roses na ƙasar Sifaniya, an taɓa yin wani gidan abinci mai suna elBulli, wanda Ferran Adrià ya jagoranta har aka rufe shi a watan Yulin 2011. Kimanin mutum 8,000 yake iya ciyarwa a shekara, masu neman kujera kuwa sukan kai miliyan biyu. Uku daga cikin kukun da suka yi aiki a can su ne suka buɗe Disfrutar a Barcelona a ƙarshen 2014, gidan da ya zo na ɗaya a jerin gidajen abinci 50 da suka fi fice a duniya (The World's 50 Best Restaurants) na 2024. A irin waɗannan wurare ba a miƙo maka takarda ka zaɓi abin da ranka ke so. Loma-loma ake jero maka, ashirin da wani abu zuwa talatin, kowace da dabarar da aka yi mata. Na ci a kaɗan daga cikinsu, kuma yawancin kurakuran da na gani, har da nawa, tun daga gida ake tafka su.

Na farko shi ne yankar tikitin jirgi a kama otal, sannan a shiga neman kujera. A lokacin an riga an cinye kasuwa. Gidajen nan suna buɗe rajista watanni kafin ranar, wasu a ƙayyadadden lokaci, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan komai ya ƙare. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ka fara da kujera, sauran tafiyar ta biyo bayanta. Ka kuma lura da agogo: a lokacin sanyi Sifaniya da Denmark lokacinsu ɗaya da Kano da Maraɗi, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da awa guda, Lima ta ƙasar Peru kuwa tana bayanmu da awa shida. Idan an cika, ka sa sunanka a layin jira, ka nuna za ka karɓi abincin rana ko na tsakiyar mako, don a nan gurbi ya fi buɗuwa.

Sai batun kuɗi da biza. Da yawa daga gidajen suna karɓar kafin alƙalami, wasu ma kuɗin gaba ɗaya, kamar yadda Alinea na Chicago ya saba sayar da kujera tamkar tikitin kallon ƙwallo. Katin banki na gida yakan ƙi wucewa ko ya ci karo da iyakar abin da aka yarda a kashe a waje, don haka a gwada shi tun kafin ranar rajista. Bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ana iya nemanta tun saura wata shida, kuma a ƙa'ida amsa takan ɗauki kwana 15, wani lokaci fiye. Ka duba ranar ƙarshe da gidan ya yarda a fasa a mayar da kuɗi, ka tabbata amsar biza za ta riga ta zuwa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne shiru a kan abin da ba ma ci. Ni ma na yi shi, a wani gida da ba zan ambata ba. Wurin cike rajista akwai gurbin da aka tambayi abin da mutum ba ya ci, na rubuta kalma ɗaya, halal, na wuce. Da muka zauna, yarinyar da ke kula da teburinmu ta tsaya da ɗan littafinta tana tambayata ɗaya bayan ɗaya: romon ƙashi fa? Miyar da aka dafa da giya har giyar ta ƙone fa? Jelatin, wato sinadarin da ake daskarar da abinci da shi, fa? Kowace na ce a'a, sai na ga tana jan layi a takardarta. Ta shiga kicin ta daɗe, ta dawo ta ba ni haƙuri cewa akwai abubuwa huɗu da ba za a iya sake su a daren ba, domin romonsu tun jiya aka ɗora. A madadinsu aka kawo mini ganye da kifi da aka haɗa cikin gaggawa. Sun yi iya ƙoƙarinsu, amma na biya kuɗin abin da ban ci ba, kuma na ga yadda na dagula wa mutane aikin da suka tsara tun safe.

Abin da ya sa kalma ɗaya ba ta isa ba shi ne, a wannan salon girki ido ba ya gaya maka gaskiyar abin da ke gabanka, kuma da gangan ake yin haka. Ɗaya daga cikin sanannun abincin Disfrutar taliya ce mai sheƙi kamar gilashi, wadda ba fulawa a cikinta: romon naman alade ne aka daskarar aka yi masa siffar makaroni. Wanda yake jiran ya ga tsokar nama kafin ya ce a'a, zai cinye bai sani ba. Jelatin ɗin da ake amfani da shi a Turai galibi daga fatar alade yake. Kitsen alade yakan shiga burodi da kayan zaƙi. A girkin da ya ɗauko salon Japan akwai ruwan girki da ake kira mirin da sake, dukansu masu giya. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙwallayen ruwan nan da suke fashewa a baki yawanci da alginate ake yin su, wanda daga ciyawar teku ake samo shi, sai dai a tambayi ruwan da ke ciki.

Gyaran yana da sauƙi. Ranar da ka samu kujera, ka aika musu saƙon imel, ka lissafa dalla-dalla: ba alade ko kitsensa ko romonsa ko jelatinsa, ba giya ko da a girki, ba jini. Idan naman da ba yankan Musulmi ba ne ba ka ci, ka faɗa, ka nemi tsarin kifi ko na ganye. Saura mako guda ka sake tuna musu. Kunyar nan tamu ta kada a ce mun cika fitina ba ta da gurbi a nan, don su kansu sun fi son a gaya musu da wuri. Wani gidan zai ce ba zai iya ba, kuma gara ka ji haka kana gida. Zaɓen gidan ma yana rage wahala: Geranium na Copenhagen, babban birnin Denmark, ya daina kawo nama tun 2022, kifi da ganye yake yi, ko da yake a can ma sai an yi maganar giya. Haka abin sha da ake jerawa tare da abincin: akwai marar giya, amma ka tambaya ko akwai wanda aka tsima, irin kombucha, don yakan ɗauki ɗan burbushin barasa.

Wani kuskuren shi ne raina tsawon zaman. Awa uku zuwa huɗu abu ne da aka saba, a Alchemist na Copenhagen kuwa yakan wuce haka nesa. Kada ka sa shi ranar da ka sauka daga jirgi, don jinkirin awa biyu a filin jirgi ya isa ya cinye kuɗinka, gajiya kuma tana kashe harshe. Ka lissafa salla tun kafin ka fita. A Copenhagen a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuma kafin huɗu na yamma ta faɗi. Abincin rana ya fi sauƙin tsarawa, kuma matafiyi yana da rangwamen haɗa salloli.

Turare ma abin lura ne. Mu mutanen humra ne da turaren wuta, kuma abin alfahari ne, amma a ɗakin da aka gina rabin daɗin abincin a kan ƙamshi, oud mai ƙarfi yana rufe hancinka da na maƙwabcin teburinka. A ranar a sassauta. Sai ɗaukar hoto da waya. Na ga wani bawan Allah an ajiye masa ƙwallon ruwa mai siffar zaitun a cokali, an ce ya sa a baki gaba ɗaya yanzu. Ya tsaya gyara haske yana juya cokalin, fatar ta fashe, ruwan ya malale a faranti. Idan aka ce loma ɗaya, yanzu, to haka ake nufi. Neman yaji ko gishiri kafin a ɗanɗana shi ma a bar shi.

Akwai kuma masu zuwa don suna kawai, ba su karanta abin da gidan ke dafawa ba. Gidan abincin Noma na Copenhagen ya shahara da sa tururuwa a abinci, Central na Lima yana jera abincinsa bisa tsayin ƙasa, daga ƙarƙashin teku zuwa tsaunukan Andes. Ikoyi na Landan, mai taurarin Michelin biyu (lambar yabo ta gidajen abinci), sunan unguwar Legas ya ɗauka kuma yana aiki da kayan ƙamshin Afirka ta Yamma, amma wanda ya je da niyyar cin dafa-duka irin ta biki zai fito yana ƙorafi. Minti goma na karanta shafin gidan sun isa su nuna maka ko abincin naka ne. A nan ne kuma za ka ga ko kuɗin hidima yana cikin farashin, ka kuma san ko sai ka yi odar tasi tun kafin ka zauna, don wasu gidajen suna wajen gari kuma sai tsakar dare ake tashi.