Auna wuya da gangar jiki a ɗakin gashin ƙashi: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Wata safiya wani ɗalibi mai koyon aikin gashi, wato gashin ƙashi na asibiti (physiotherapy), a wurinmu, nan Birnin Kebbi, ya miƙo mini katin wani dattijo manomin shinkafa daga wajen Argungu. Ya rubuta cewa wuya na juyawa dama da hagu yadda ya kamata. Na ce, "Baba, in kun zo sallame salla, kuna iya waiwayawa hagu?" Ya ce, "Wallahi ɗana, sai na juya da ƙirjina duka." Muka roƙe shi ya tuɓe babbar riga, na dafa kafaɗunsa biyu, na ce ya sake waiwayawa. Ko rabin hanya haɓarsa ba ta kai ba. Ɗalibin abin da ya gani ya rubuta. Abin da ya gani kuwa, kafaɗa ce ke tafiya a ƙarƙashin riga tana yi wa wuya aikinsa.

Haka jiki yake. Gaɓa in ta gaza, maƙwabciyarta sai ta rufa mata asiri, kuma akasarin kuskuren da nake gani wajen awo daga nan yake fitowa. Amma akwai wanda ya fi shi haɗari, da shi zan fara.

Kama wuya kafin a yi tambaya

Ba kowane sandararren wuya ne na ɗakin gashi ba. Mutumin da ya zo da zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, ga wuya ya ƙi sunkuyawa, musamman a lokacin zafi, sanƙarau za a fara zato, a tura shi wurin likita nan take. Mu a wannan yanki ba baƙinsa ba ne. Annobar 2017 daga Zamfara ta faro, ta shigo har Kebbi da Sakkwato. Wanda ya faɗo daga babur ko bishiya, ko mota ta kife da shi, yana kukan wuya, ba a ce masa "juya mu gani" sai likita ya duba, an ɗauki hoto in da buƙata, balle in ya kai shekara 65 ko yana jin hannuwansa na mutuwa. Karyayyen ƙashin wuya yana iya zama shiru har sai wani ya murɗa shi ya taɓa laka.

Sauran tambayoyin ba su cin minti biyu. Juya kai yana kawo jiri, gani biyu-biyu, nauyin harshe ko wahalar haɗiya? Hannu ya fara kasa ɓalla maɓalli ko jan carbi, tafiya ta koma tangaɗi? Akwai rama, gumin dare, ciwon baya da ba ya lafawa ko an kwanta, ko wani ɗan doro da ya tsiro a gadon baya? Wannan na ƙarshe yakan zama tarin fuka ne da ya ci ƙashin baya. Fitsari ya tsaya ko yana zubowa ba a sani ba, fatar tsakanin cinyoyi ta mutu? Wannan na gaggawa ne, ba ya jiran gobe. A kuma tambaya ko an je wurin mai ɗori ko an yi ƙaho. Aliero ta yi suna da ɗori, mutanenmu da yawa can suke farawa. A tambaya cikin mutunci, don in mutum ya ji ƙamshin faɗa, zai ɓoye.

Sai kuma "da sauƙi". Mutuminmu ko yana cije baki zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Wanda ya rubuta wannan a kati bai samo komai ba. Tambayi aiki: ruku'u, daka, ɗora jarka a kan gammo, duba baya a kan babur, wunin sunkuyo a dashen albasa. A nan gaskiyar take fitowa, kuma da ita za a gane ko gashi ya yi amfani bayan wata guda.

Riga da zama

Babbar riga, rawani da hijabi suna ɓoye kafaɗa da ƙugu, wuraren da satar motsi take faruwa. Na san nauyin abin, musamman ga mata. Gyaran shi ne a ja labule, a nemi ma'aikaciya mace ko a bar 'yar rakiya ta zauna, a yi bayani tukuna: "Hajiya, ina son ganin kafaɗarku ne kawai, don in tabbatar wuyan ne ke motsi." Da wuya a ƙi in an faɗi dalili.

A zaunar da mutum kan kujera mai jingina, tafin ƙafa a ƙasa. Wanda ya zauna bakin gado mai tsawo ƙafa na lilo, ƙugunsa zai lanƙwashe, haɓa ta tura gaba, awon ya lalace tun ba a fara ba.

Awon wuya

Ƙasusuwa 7 ne a wuya. A babban mutum mai lafiya sunkuyawa takan kai wajen digiri 45 zuwa 50, ɗaga kai sama wajen 60, karkatawa gefe wajen 45, waiwaye 70 zuwa 80, kuma kusan rabin waiwayen tsakanin ƙashi na farko da na biyu yake faruwa. Kuskure ne a ɗauki waɗannan lambobi a matsayin hukunci. Motsi na raguwa da shekaru, tsohuwa mai 70 ba za ta kai budurwa ba. Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne kwatanta dama da hagu a jikin mutum ɗaya.

Wajen karkatawa gefe, kafaɗa takan taso ta tarbi kunne, ko kai ya ɗan juya. Dafa kafaɗar, ka ce hanci ya ci gaba da kallon gaba. Wajen sunkuyawa, wasu sukan buɗe baki don haɓa ta taɓa ƙirji. Baki a rufe. In babu goniyomita, wato ma'aunin digirin motsin gaɓa, tef ɗin awo irin na tela ya isa: haɓa zuwa ramin saman ƙirji, haɓa zuwa ƙarshen kafaɗa, kunne zuwa kafaɗa. "Da ido na gani" ba awo ba ne, domin idon yau da na mako mai zuwa ba ɗaya suke ba.

A bar mutum ya motsa da kansa tukuna, sannan ka kai shi da hannunka a hankali. In da kansa ya tsaya amma hannunka ya ƙara masa, duba tsoka, ciwo ko tsoro. In duka biyun wuri ɗaya suka tsaya, gaɓar ce ta ƙage.

Taɓa ƙasa da yatsu

Wannan ya yaudari mutane da yawa. Matar da ta tashi tana shara da gajeriyar tsintsiya, tana wanki a sunkuye, za ta shimfiɗa tafin hannu a ƙasa alhali ƙugunta a miƙe yake kamar taɓarya. Daga kwatangwalo duk lanƙwasar take. Wani kuma bayansa lafiya lau, tsokar bayan cinya ce ta ɗaure shi. Gyaran shi ne gwajin Schober, wanda wani likita Bajamushe ya fara bayyanawa a 1937. A salon da aka fi yi yanzu, mutum na tsaye za ka nemi 'yan ramukan nan biyu na ƙasan ƙugu, ka sa alama a tsakiyarsu, ka sa wata santimita 10 a sama, wata santimita 5 a ƙasa. Ya sunkuya gwiwa a miƙe, ka sake aunawa. Santimita 15 ɗin ya kamata ta kai 20 ko fiye. In ba ta kai ba, ƙugun bai lanƙwasa ba, ko da yatsu sun taɓa ƙasa.

Juyin gangar jiki a zaune ake auna shi, hannuwa a harɗe a ƙirji, don a tsaye ƙafafu da kwatangwalo ne za su yi rabin aikin. Galibin juyin daga ƙasusuwa 12 na bayan ƙirji yake. Guda 5 na ƙugu kaɗan suke juyawa.

Ƙarfi: inda ake rabon 5 kyauta

Ma'aunin da muke aiki da shi daga 0 zuwa 5 ne. Mataki na 3 na nufin gaɓa ta kammala motsinta tana ɗaga nauyin kanta, 4 da 5 kuma sai an tura ta da hannu ta jure. Saboda haka yadda aka kwantar da mutum shi ne rabin gwajin. Wanda ka tura wa goshi yana zaune ka rubuta 5, ba ka gwada shi da nauyin kansa ba. Kwantar da shi rigingine, ya ja haɓa ciki, ya ɗaga kai kaɗan daga gado ya riƙe. In haɓa ta tsere sama, manyan tsokokin gefen wuya ne suka karɓe aikin, ƙananan na ciki sun gaza. Mai lafiya yakan riƙe kusan rabin minti ko fiye. Ƙirga daƙiƙun ka rubuta.

Na tsokar ciki ni kaina na daɗe ina yin sa ba daidai ba a farkon aikina: ina danne ƙafafun mutum in ce ya tashi zaune. Da ka danne ƙafa, tsokar da ke lanƙwasa cinya ce za ta ɗago shi, ka ba ciki lambar da ba tasa ba. Abin da ake nema shi ne allon kafaɗa ya bar gado, baya na naɗewa a hankali. Hannuwa a miƙe gaba 3 ne, a harɗe a ƙirji 4, a ƙeya 5. Ka kuma sa ido kan cibiya: in ta haura sama lokacin da ya ɗaga kai, ƙasan ciki ya fi sama rauni. Mai jego a duba ko tsokar ciki ta rabu a tsakiya kafin a sa ta wannan gwaji, wadda aka yi wa tiyata kuma a jira ta warke. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi. Sa shi ya riƙa ƙirga da baki.

Ciwo da rauni ma ana haɗa su. Wanda ya sake saboda zafi ba lalle tsokarsa ta yi rauni ba, don haka a rubuta cewa ciwo ne ya tsayar da gwajin. Manomin da zai ture hannunka sau ɗaya da ƙarfin gaske yana iya kasa riƙe bayansa minti ɗaya a kwance rub da ciki, alhali wunin gona juriya yake nema. In kuwa ciwon wuya na sauka hannu, ba a gama ba sai an gwada ɗaga hannu gefe daga kafaɗa, lanƙwasa gwiwar hannu da miƙe ta, damƙa, da ware yatsu, dama da hagu, domin kowanne yana nuna jijiyar da ta matsu a cikin jijiyoyin da ke fitowa daga laka zuwa hannu, daga ta biyar ta wuya (C5) zuwa ta farko ta bayan ƙirji (T1).

Kati

"An samu ci gaba" ba ya taimakon wanda zai karɓi aiki bayanka. Mai zuwa daga Zuru ko Yawuri ba kowane mako zai iya biyan kuɗin mota ba, wataƙila kuma wani ma'aikacin zai tarar. Rubuta kwanan wata, yadda ka zaunar da shi, abin da ka auna da shi, lambar dama da ta hagu, da inda ciwo ya fara. A katin dattijon nan na Argungu mun goge "daidai", muka sa santimitar da ke tsakanin haɓa da kafaɗa a kowane gefe, a ƙasa kuma muka ƙara layi ɗaya: ba ya iya sallamar hagu sai ya juya ƙirji.