Yadda Za Ka Gano Abin Da Ya Hana Wayarka Ko Laftof Ɗinka Ɗaukar Caji

Bara da hunturu wayata ta ƙi caji sai in na danne kan igiyar da littafi. Na hau acaɓa zuwa Sabon Gari, aka sa mini sabon batir, na dawo gida matsala tana nan daram. Ashe ƙura ce da zaren aljihu suka toshe ramin cajin. Tun ranar nake fara bincike daga bango.

Fara da soket. Jona fanka ko fitila ka ga ko wuta na shiga. Ekistenshan ɗin ɗakunan ɗaliban jami'ar ABU Zariya a Samaru da Kongo, wanda ake lodawa caja shida har da hita, sau da yawa shi ne mai laifin. Cire cajar ka kai ta soket ɗin bango kai tsaye.

Sai igiya. Ari ta abokinka ka gwada da kan cajarka, sannan ka gwada taka da kan cajarsa. Igiya ta fi saurin mutuwa, galibi a wuyanta inda take lanƙwasa. Idan sai ka karkata ta caji ke shiga, ta kusa.

Yanzu ramin caji, inda na ci kuɗina a banza. Kashe wayar, haska tocila ciki. Ɗauki tsinken sakace na itace, ka riƙa tono dattin a hankali daga gefe, kada ka taɓa harshen da ke tsakiya. Allura ko fil ba su da wuri a nan, ƙarfe ne, suna iya haɗa wuta. Za ka sha mamakin dunƙulen da zai fito. In kuwa ruwan damina ne ya shiga, ajiye ta inda iska ke kaɗawa ta bushe kafin ka jona. Wayar da ta mutu murus kuma, ba ta minti 30 a caji kafin ka yanke mata hukunci.

Laftof yana da nasa halin. Juya cajar ka karanta lambobin ƙarfin wuta (V da W) da ke jikinta, ka kwatanta da na ƙasan kwamfutar. Yawancin HP da Dell 19.5V suke sha, Lenovo 20V. Idan kwamfutar 65W take so ka ba ta 45W, caji zai yi ta jan ƙafa ko ya tsaya cak kana aiki. Leƙa bakin cajar Dell ko HP mai zagaye: akwai siririn tsinke a tsakiya wanda kwamfutar ke gane cajar da shi. In ya karye, za ta iya kunnuwa amma batir ba zai ƙaru ba.

Idan ta ƙi tashi gaba ɗaya, zare caja, cire batir in mai ciruwa ne, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka jona caja kaɗai. Wanda cajinsa ke tsayawa a kashi 60 ko 80 kuma ya duba saitin batir, wasu kamfanoni da gangan suke sa wannan iyakar.

Amma fa in bayan wayar ya ɗago, ko wurin linzamin laftof ya yi tudu, batir ya kumbura. Kada ka danna, kada ka huda, kada ka ƙara jonawa. Kashe ta ka kai wa mai gyara a unguwar PZ ta Zariya, ka ce ya buɗe a gabanka.