Lauya ko Kasuwanci: Inda Ɗaliban Jos Suke Yin Tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa tun a aji huɗu na sakandare ake yin sa, ba ranar cike fom ɗin JAMB ba. Yaro zai bi abokansa ajin kasuwanci, ya watsar da Adabin Turanci, sai ya gama ya ce shi fa lauya zai zama. Tsangayar shari'a kuwa kiredit biyar take nema a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, kuma Adabin na cikin darussa huɗu da zai rubuta a JAMB. Ko ya ci maki 300 cikin 400, in babu shi an gama magana. Gyaran shi ne ya sake zama jarrabawar WAEC ko NECO, amma ya fara duba ƙa'idar jami'ar, don wasu ba sa karɓar sakamakon zama biyu a wannan fanni.

Akwai kuma masu gudun lissafi su faɗa Nazarin Kasuwanci, wai ai surutu ne kawai. An gudu ba a tsira ba. Lissafi da Tattalin Arziki ake rubutawa a JAMB, sannan a tarar da ƙididdiga da akanta suna jira a ciki.

Iyaye su ma sukan yi kuskuren ƙidayar shekaru. Digirin kasuwanci shekara 4 ne, sai hidimar ƙasa. Na shari'a 5 ne, sannan kusan shekara guda a Makarantar Horon Lauyoyi, wadda hedikwatarta ke Bwari a Abuja, kafin a rantsar da mutum, kafin hidimar ƙasar. Kuɗin wannan makaranta daban ne, ga kuɗin hula da riga, ba a ma maganar yajin aikin malamai. Wani abin da ba a cika tambaya ba: kowace tsangaya tana da adadin ɗaliban da aka amince ta tura can a shekara. Jami'ar da ta ɗebi fiye da kasonta, ɗalibanta ne za su zauna gida suna jiran layi da digiri a hannu. A tambayi wannan adadi kafin a biya ko sisi, musamman a jami'o'in kuɗi.

Da yawa kuma rigar ce ta burge su. Aikin lauya galibinsa karatu ne da rubutu: bin tsoffin hukunce-hukunce, tsara yarjejeniya, binciken takardun fili. Ƙofar kotu a buɗe take ga kowa. Ɗalibi ya je Babbar Kotu a nan Jos ya wuni biyu yana sauraro, zai san ko zai iya.

Digirin kasuwanci shi ma ba jari ba ne, 'yan kasuwar Taminus shaida ne. Yana ƙara daraja idan an haɗa shi da takardar ƙwarewa irin ta ICAN ko ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, kuma kwalejin ANAN tana nan Kwall, kusa da mu.

Mai son duka biyun ya lura da tsari. Lauya yana karanta dokar kamfanoni da ta ciniki, kuma zai iya ɗora MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, daga baya. Mai digirin kasuwanci da ya dawo neman shari'a kuwa yawanci daga aji biyu zai fara, wato wasu shekaru 4 ke nan kafin Bwari.