Harajin sayarwa a Amurka, ga masu shirin fara sayar da kaya ta intanet

'Yan uwa mazauna Amurka da ke son fara sayar da abaya, shadda, atamfa ko ɗinkakkun kaftani ta intanet, kafin ku saka hoto na farko ku tsaya ku gane wannan harajin, don ba irin VAT ɗin Najeriya ba ne da yake 7.5 cikin ɗari ko'ina. A nan gwamnatin tarayya ba ruwanta da shi, kowace jiha da nata, jihohi 45 ne ke karɓa, biyar ba sa karɓa wato Oregon, Montana, Delaware, New Hampshire da Alaska, kuma wasu garuruwan sai sun ɗora nasu a kai.

Farko dai jihar da kuke zaune, inda kayanku suke jibge ko da a ɗakin kwana ne, ita ce ke da haƙƙi a kanku. Ku yi rajista da hukumar harajin jihar ku karɓi takardar izinin karɓar haraji. A New York sunanta Certificate of Authority, kuma so suke a nema aƙalla kwana 20 kafin a fara ciniki. Kar ku ƙara wa kwastoma ko sisi da sunan haraji ba ku da ita, laifi ne.

Sai kuma a duba ko tufafin ma ana ɗora musu haraji a jiharku, nan ne fa mutane da yawa ke ruɗewa. New Jersey, Pennsylvania, Minnesota da Vermont yawancin tufafi babu. Massachusetts sai abin da ya haura dala 175. New York kuwa duk riga ko takalmin da bai kai dala 110 ba jiha ta yafe nata kashi 4, birnin New York ma ya yafe nasa, amma a kan kowane guda ake lissafi ba jimillar ciniki ba, kenan a birnin New York mace ta sayi abaya uku kowace dala 80 ba za ta biya komai ba, wata ta sayi leshi ɗinkakke guda ɗaya dala 150 sai an ɗora mata 8.875 cikin ɗari a kan kuɗin gaba ɗaya. Jaka da sarƙa ba sa cikin yafiyar, su ana biya. Texas kam tufafi ma ana biya, 6.25 cikin ɗari na jiha, da na gari yana iya kaiwa 8.25.

To idan mai saye yana wata jihar fa? Tun hukuncin kotun ƙoli na 2018 a shari'ar jihar South Dakota da kamfanin Wayfair, jiha na iya tilasta muku karɓar harajinta ko ba ku taɓa taka ta ba, in cinikinku a can ya kai wani adadi, yawanci dala 100,000 a shekara, California da Texas kuma 500,000. Gaskiya mai farawa wannan ba damuwarsa ba ce tukuna, ku dai riƙa rubuta wace jiha kowane kaya ya tafi.

In a Etsy, eBay ko Amazon kuke sayarwa, su ne ke karɓa su miƙa wa jiha. Amma in shafinku ne na Shopify, ko kuma irin namu na WhatsApp da Instagram a turo kuɗi ta Zelle, wallahi nauyin a wuyanku yake. Kuɗin nan amana ne, ku buɗe masa asusu daban kar ya shige cikin jari ku sake sarin kaya da shi, ranar biya ta zo a fara neman rance.

Akwai kuma takardar sari, a New York ana ce mata ST-120, ku ba dilan da kuke saro kaya wajensa a cikin Amurka don kar ya ɗora muku haraji tunda sayarwa za ku yi. Kayan da aka turo daga Kano ko Dubai kuwa kuɗin kwastan daban ne, haka harajin riba na IRS, hukumar harajin tarayya, shi ma daban.

Jiha za ta faɗa muku ko duk wata za ku cika takardar biya, ko bayan wata uku, ko sau ɗaya a shekara. Ko ba ku sayar da komai ba ku cika ku sa sifili, don a New York makara kaɗai tana jawo tarar dala 50.